Ciyayya a Gidan Rina: Kundin Lura Daga Wani Zaure a Daura

22 ga Yuni, 2024

Na buɗe wannan kundi ne bayan an watse daga hidimar Babbar Sallah, saboda wani gidan rina da na tarar yana reto a jikin azarar zauren gidanmu a nan Daura, kusan daidai saman inda Baffa yake shimfiɗa buzunsa da hantsi. Inna ta riga ta yanke hukuncin a samo kara a kunna wuta a babbake shi tun bai girma ba, kamar yadda aka saba yi a kowane gida, sai na durƙusa na roƙe ta wa'adi zuwa kaka, tare da alkawarin cewa ranar da aka harbi wani yaro ni da hannuna zan cire shi. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "To, Malam, ka ji da baƙinka, amma Baffanku ya matsa da buzunsa." Baffa ya matsa, bai ce uffan ba.

Abu ɗaya nake son bin diddiginsa: yadda abinci yake shigowa wannan gida, bakin da yake fara faɗawa, da cikin da yake ƙarewa. Na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu a sakandare, ina gaya wa ɗalibai cewa ƙwari masu zaman jama'a suna raba abinci a tsakaninsu, alhali ban taɓa zama na ga rabon da idona ba.

Yara sukan haɗa rina da zanzaro, amma rayuwarsu ta sha bamban. Zanzaro ita kaɗai take gina ɗakinta na laka, ta cusa masa tsutsa ko gizo-gizon da ta sanƙarar da harbi, ta saka ƙwai, ta liƙe ƙofa ta yi gaba, ba ta ƙara ganin ɗanta. Rina kuwa a buɗe take barin gurabenta, kullum tana ciyar da 'ya'yanta baki da baki har su girma, kuma ba ita kaɗai take yin aikin ba. Waɗanda ke zaurenmu 'yan dangin da masana ke kira Belonogaster ne, masu dogon siririn ƙugu, waɗanda suka bazu a Afirka kudu da Sahara. Yau na ƙirga gurbi 14, bakinsu yana kallon ƙasa, wasu da ƙwai wasu da ƙananan tsutsotsi, da manyan mata uku a kansu. Gidan kansa na takarda ne: na ga ɗaya tana kankare bayan wani tsohon kara a dangarmu, tana cuɗa zaren da yawu. Wannan sana'ar tasu ce wani masanin ƙwari Bafaranshe mai suna Réaumur ya lura da ita har ya gaya wa majalisar masana kimiyya ta Faransa a 1719 cewa ana iya yin takarda da itace, fiye da shekara ɗari kafin masana'antu su kama hanyar.

29 ga Yuni, 2024

Ba a iya cewa wance ta ba wance sai an san wance, su kuwa ukun kamar an tsaga kara. Saboda haka jiya bayan sallar asuba, lokacin da sanyi ya sa jikinsu ya yi nauyi, ni da ɗan ƙanwata muka kife su ɗaya bayan ɗaya da kofin gilashi, muka ajiye kofin a cikin kula mai ƙanƙara na 'yan mintoci har suka lafa, sannan na ɗiga wa kowace ɗigon fenti da tsinken tsintsiya a gadon baya, tsakanin fukafukai. Daga yau sunayensu Mai-fari, Mai-shuɗi da Mai-rawaya.

Na kiyaye fuskokinsu da gangan. A 2002 wata masaniya a Amurka, Elizabeth Tibbetts, ta sauya zanen fuskar wata rina ta can mai suna Polistes fuscatus da fenti, sai 'yan gidansu suka riƙa far mata kamar baƙuwa har sai da suka saba da sabuwar fuskar. Tun da akwai rinar da ke gane 'yar'uwarta da fuska, babu dalilin da zan je ina ɓata wa tawa kamanni.

Mai-rawaya ta farfaɗo da wuri fiye da yadda na zata, ta sakar mini harbi a gindin babban yatsa. Ƙarin rina ba ya maƙalewa a fata kamar na ƙudan zuma, don haka ba ta mutu ba, ta ma so ta ƙara. Yatsan ya kwana a kumbure. Yaron ya ce, "Kawu, kada Inna ta gani." Na tuna masa cewa alkawarin a kan yara aka yi shi, ni kuwa na wuce nan.

7 ga Yuli, 2024

Na tsara wa kaina zama sau biyu a rana, awa ɗaya da hantsi in babu darasi, awa ɗaya bayan la'asar, a kan wani benci da na ɗora bisa turmi biyu domin idona ya yi daidai da gidan. Mako guda ya isa a ga cewa ukun ba daidai suke ba. Mai-fari kusan ba ta barin gida, tana zaune a tsakiyar saƙar inda manyan tsutsotsi suke. Mai-rawaya ce 'yar aike, ita ce ke fita tun rana ba ta yi zafi ba. Mai-shuɗi tana tsakani, takan fita ɗebo zaren gini, takan kuma zauna.

Jiya da misalin ƙarfe goma da rabi na ga abin da na zauna domin shi. Mai-rawaya ta sauka da wani ɗan curi kore a bakinta, girmansa bai kai ƙwayar dawa ba, naman wata tsutsar ganye da ta kashe ta tattauna tun a waje. Ƙafafunta ba su gama kama takardar ba Mai-fari ta taso mata, ta ɗaga gaba, ta riƙa bugun kanta da ƙahonni, ta cafki gefen curin. Suka ja, curin ya miƙe ya rabu biyu, babban kason ya tafi wurin Mai-fari. Mai-shuɗi ta matso daga baya ta gutsuri kaɗan daga abin da ya rage wa mai kawowa. Daga nan kowace ta koma gefe tana juya nata da ƙafafun gaba tana tauna, tsawon mintoci, kafin ta bi gurabe tana tura kai, tana barin ɗan gutsure a bakin kowace tsutsa, manya kafin ƙanana.

Wannan doguwar tauna tana da dalili. Babbar rina ba ta iya haɗiye abu mai ƙarfi, domin maƙogwaronta da wannan siririn ƙugu ruwa kawai suke bari ya wuce. Idan tana tauna, romon naman take tsotsewa zuwa wata 'yar jaka da ke farkon cikinta, tsokar kuma ta miƙa wa tsutsa, wadda ita ce mai cikin narkar da nama. Daga baya takan dawo ta amayo wani ɓangare na romon ga ƙananan tsutsotsin da bakinsu bai isa cin tsoka ba. Ke nan duk wadda curi ya biya ta bakinta ta sha romo, kuma wadda ta ƙwaci babban kaso ita ta fi sha, ko da a ido za a ce ai duk 'ya'ya aka kai wa. Na shigo da tunanin zan ga zumunci, abin da na fara gani ya fi kama da karɓar haraji a bakin kasuwa.

13 ga Yuli, 2024

Kiyashi sun yi layi a jikin azara, suna zuwa har gindin siririn zaren da gidan ke rataye da shi, sai su juya. Na ga Mai-shuɗi tana goga ƙasan cikinta a jikin zaren, sama da ƙasa, har ya yi baƙi yana sheƙi. Wani maiƙo ne take shafawa daga wata ƙaba da ke ƙarshen cikinta, wanda tururuwa ba sa son ƙetarewa. Robert Jeanne ne ya fara bayyana wannan dabara a 1970, a wata rina ta ƙasar Barazil. Gidan da ke cike da nama a buɗe, ba ƙofa ba murfi, wannan zaren ne kaɗai katangarsa.

21 ga Yuli, 2024

Akwai wata ziyara da manyan ke kai wa gurabe wadda ta daɗe tana ɗaure mini kai, domin suna zuwa ne baki wayam, ba curi ba romo. Rina takan tura kanta cikin gurbi, ta taɓa bakin tsutsar da ƙahonni, ta tsaya cik na ɗan lokaci, ta fito tana lashe baki ta wuce na gaba. Da gilashin ƙara girman abu na gano cewa karɓa take zuwa yi. Da zarar an taɓa bakin babbar tsutsa sai wani ɗigon ruwa garai-garai ya ɓullo, babbar ta zuƙe shi.

Na jarraba da kaina a lokacin da biyu suka fita, ta ukun kuma tana bayan saƙar. Na sa siririn tsinken ciyawa na shafi bakin tsutsa mafi girma a hankali. Ta motsa kai, sai ga ɗigon ya taru kamar raɓa a kan tsinken. Ɗan ƙanwata ya riƙe mini tocila hannunsa yana rawa, ya ce, "Kawu, ashe 'ya'yan ma suna ba iyayen abinci?"

Tambayarsa ita ce tambayar da ta motsa masana fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma abin da ya faranta mini rai shi ne a kan irin wannan rina tamu aka fara yin ta. Émile Roubaud, wani masanin ƙwari Bafaranshe da ya yi aiki a Kwango, ya zauna gaban gidajen Belonogaster kamar yadda nake zaune, ya wallafa abin da ya gani a 1916. A ra'ayinsa kwaɗayin wannan yawu ne ke riƙe da manya a gida, har ya kai ga cewa daga nan zaman jama'ar rina ya samo asali. A 1918 William Morton Wheeler na Jami'ar Harvard ya raɗa wa al'adar suna da kalmomin Girkanci biyu, ɗaya abinci ɗaya musaya, sunan da ake amfani da shi har yau. Mu ba mu da buƙatar aron kalma, domin muna da ciyayya: kwanon tuwon da ke fita daga gidanmu da magariba zuwa maƙwabta, ya dawo da danwake ko fate. Ita zan riƙa kiran abin da ita a wannan kundi.

An auna yawun daga baya an tarar yana ɗauke da sukari da sinadaran gina jiki waɗanda aka riga aka narkar. A 1968 wasu masana biyu, Ishay da Ikan, sun ba da rahoton cewa manyan wata babbar rina ta Gabas ta Tsakiya, Vespa orientalis, sun dogara da tsutsotsinsu wajen narkar da nama, su kai musu tsoka su karɓo ta a matsayin ruwa mai gina jiki. James Hunt da abokan aikinsa kuma sun nuna a 1982 cewa yawun ya yi kama da ruwan fure a sinadaransa. Ni dai ina ganin Roubaud ya zarce da ya mayar da kwaɗayi tushen komai, domin Mai-rawaya, wadda ta fi kowa wahalar farauta, ba ita ta fi kowa shan yawun ba. A ƙirgata ta wannan mako Mai-fari ce kan gaba a leƙa gurabe baki wayam, kuma ita ce mai saka ƙwai, wadda jikinta ya fi buƙatar abin gina jiki.

28 ga Yuli, 2024

Tsutsotsi biyu sun saƙa wa kansu farin murfi sun rufe gurabensu. Washegari na tarar Mai-shuɗi a bayan saƙar tana huda gindin ɗaya daga cikin guraben, ta jawo wani baƙin ƙulli ta tashi da shi ta yar. Tsutsar rina ba ta yin kashi duk tsawon girmanta, domin hanjinta a toshe yake ta ƙasa, sai ta tara komai ta fitar a lokaci guda gab da rikiɗa. Yawancin rina sukan bar shi a manne a gindin gurbi, amma Belonogaster da danginsu Ropalidia sukan huda su cire. Wannan ma hidima ce da babba ke yi wa ƙarami, kuma ba Mai-fari ce ta yi ta ba.

5 ga Agusta, 2024

An kwana biyu ana ruwa kusan ba ƙaƙƙautawa, irin na tsakiyar Agusta da ya zo da wuri, babu wadda ta fita. Ban ga curi ko ɗaya ya shigo ba, amma leƙen gurabe ya ƙaru sosai, su ukun suna bin manyan tsutsotsi suna tatsa. A irin wannan rana tsutsotsin ne rumbun gidan: abin da aka zuba musu lokacin wadata shi ake ɗiba lokacin da hadari ya tsare hanya. Rina irin wannan ba ta tara zuma mai yawa kamar ƙudan zuma, don haka ajiyarta a cikin 'ya'yanta take.

A rana ta biyu na ga Mai-shuɗi ta tura cikinta cikin wani sabon gurbi na gefe ta saka ƙwai. Ba a yi rabin awa ba Mai-fari ta zo ta leƙa, ta ciro ƙwan ta cinye, sannan ta juya ta saka nata a wurin. Mai-shuɗi tana gefe ta kwantar da jiki, ta sunkuyar da ƙahonni. Wannan shi ne tsarin da Leo Pardi, masanin dabbobi ɗan Italiya, ya bayyana a shekarun 1940 a kan rinar Polistes: matan da suka kafa gida tare suna jeruwa daga ta sama zuwa ta ƙasa, ta sama tana karɓar abinci daga na ƙasa, mahaifarta tana bunƙasa, tasu tana ƙanƙancewa. Kafin shi an fi sanin irin wannan jerin fifiko a tsakanin kaji. Da na ba Inna labari sai ta ce, "Uwargida ke nan da ba ta haɗa miji da kowa ba, amma ta haɗa tukunya." Ban sami abin gyarawa a maganarta ba.

19 ga Agusta, 2024

'Ya'yan farko sun fito, mata biyu ranar 15, ta uku jiya. Kowace ta yanke murfinta da kanta, ta fito jikinta da laushi, ta zauna a bayan saƙar ba ta tashi. A waɗannan awoyi na farko ne sabuwar rina take koyon ƙamshin gidansu daga jikin takardar, da shi kuma za ta riƙa bambance 'yar gida da bare. Abincinsu na farko daga wurare biyu ya zo, bakin Mai-rawaya da bakin ƙannensu da ke cikin gurabe. Na yi musu alama da ɗigo biyu-biyu.

Na kuma yi gwajin da na daɗe ina shiri. Na dama sukari da ruwa, na zuba jar kala irin ta masu yin ƙanƙarar yara, na miƙa wa Mai-rawaya ɗigo a kan tsinke lokacin da ta dawo. Ta sha har cikinta ya ɗan buɗe. Cikin mintoci kaɗan Mai-fari ta tare ta, suka haɗa baki, jan ɗigo ya bayyana tsakanin muƙamuƙansu. Mai-fari ta tsaya a sama ƙahonninta suna kaɗawa, Mai-rawaya ta lanƙwasa a ƙasa tana amayowa. Bayan ta sai sababbin 'ya'ya biyu suka karɓa, su kuwa da lallami, suna shafa fuskarta. Kafin la'asar ana hango ja-ja ta cikin fatar manyan tsutsotsi huɗu. Na sake gwajin bayan kwana biyu, amma a wannan karo Mai-fari na ba. Ta sha, ta ba tsutsotsi, ba ta ba babba ko ɗaya ba, ko da yake wata sabuwar 'ya ta bi ta tana roƙo. Gwaji biyu a gida ɗaya ba hujja ba ne da za a kafa doka a kai, sai dai ya yi daidai da abin da nake gani kullum: tsakanin manya, ruwa daga ƙasa yake hawa sama.

1 ga Satumba, 2024

Baffa ne ya yi mini tambayar da ta fi kowace wuya. Ya ce, "Ita wannan mai rawayar, me ya hana ta ta je ta kafa nata gidan, tun da ba ɗaure ta aka yi ba?" Na ce masa shi ya fi ni sanin amsar, tun da ya yi shekaru yana noma a gandun mahaifinsu kafin ya ware. Ya yi dariya ya ce ai shi yana jiran gado ne, kuma ko ba gado, hatsin gandu cikin 'yan'uwansa yake shiga.

Abin mamaki, amsoshin nan biyu su ne na masana. Ta farko ta W. D. Hamilton ce, ɗan Ingila, a 1964: mai taimakon ɗan'uwa ya hayayyafa yana yaɗa jininsa ne ta bayan gida. A wurin rina, da ƙudan zuma da tururuwa, namiji daga ƙwan da ba a barbara ba yake fitowa, mace daga wanda aka barbara, saboda haka 'yan'uwa mata da suka haɗa uwa da uba suna tarayya a kashi uku cikin huɗu na abin gado, alhali uwa da 'yarta rabi ne. Amsa ta biyu ta zo ne bayan da David Queller da abokan aikinsa suka gano a shekarar 2000, a Italiya, cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da ke tarayya a gidan Polistes dominula ba su da dangantaka da uwargidan. A 2011 wani bincike a Sifaniya, wanda Ellouise Leadbeater ta jagoranta, ya nuna cewa mai haƙuri a ƙarƙashin wata takan fi mai kafa gida ita kaɗai samun 'ya'ya, musamman saboda damar gadar gidan. Ga kuma dalili na zahiri da nake gani daga bencina: mace ɗaya in ta fita farauta ta bar gida ba mai tsaro, in kuma tsuntsu ya ɗauke ta a hanya 'ya'yanta duka sun mutu da yunwa.

15 ga Satumba, 2024

Mai-fari ta ɓace. Ranar 10 da yamma tana nan, ranar 11 da safe babu ita, ban kuma ga gawarta a ƙasa ba. Akwai tsaka da ke yawo a azarar da dare, ita nake zargi. Gidan yana da manya tara a lokacin.

Kwana biyu aka yi ana hargitsi. Mai-shuɗi ta riƙa zagaya saƙar tana hawa kan duk wadda ta tarar, tana cizon fukafukai, ta kuma yi dambe sosai da ɗaya daga cikin 'ya'yan farko har suka faɗo ƙasa a manne, suka rabu suka koma. Abin da ya fi jan hankalina shi ne a ranakun nan curin nama ya riƙa shigowa babu mai tarbarsa da ƙarfi, mai kawowa takan tsaya tana juyawa da shi kamar mai neman wanda zai sauke mata kaya. A rana ta uku Mai-shuɗi ta koma tsakiyar saƙar, ta daina fita ɗebo zare, kuma da Mai-rawaya ta sauka da curi ita ce ta taso ta karɓi babban kaso, da irin bugun ƙahonnin da aka riƙa yi mata a baya. Tun kafin in ga ta saka ƙwai na san an yi sabuwar uwargida, domin hanyar abinci ta riga ta faɗa. Mai-rawaya kuwa matsayinta bai motsa ba, fukafukanta ne kawai suka fara yagewa a baki.

29 ga Satumba, 2024

Na bi sawun masu farauta zuwa bayan gida, inda muke da 'yan kunyoyin masara da wake da zogale. Na ga ɗaya daga cikin masu ɗigo biyu ta shiga cikin kan masara ta fito da tsutsa, ta daddatse ta a kan ganye, ta ɗauki rabi ta tafi, ta dawo ta ɗauki sauran. Irin tsutsar nan ce da ta shigo daga nahiyar Amurka, aka fara ganin ta a Najeriya a 2016, ta addabi manoman masara. A 2019 wani bincike a Barazil ya nuna cewa rinar Polistes satan tana rage wannan tsutsa da ɓarnarta a masara. Manya kuma na gan su suna lasar darɓa a ganyen dawar maƙwabcinmu, abin da ke ba su ƙarfin tashi.

Akwai gida na biyu da na gano a rumfar gonarmu, na yi niyyar kwatanta shi da na zaure. Na je ranar Juma'a na tarar an ƙone shi, wani daga cikin masu taya mu yankan gero ya ga ya yi mana gyara. Ban yi masa faɗa ba, domin ni ne ban gaya wa kowa ba.

13 ga Oktoba, 2024

Ruwa ya ɗauke, ganye ya fara bushewa, curin nama ya ragu ƙwarai. Maza sun fito, ana gane su da ƙahonni masu lanƙwasa a ƙarshe, ba su da ƙari, ba sa farauta. Suna tare masu dawowa suna roƙo, suna kuma tatsar tsutsotsi, matan kuwa sun fara cizon su suna kora su bayan saƙar. Sau biyu na ga an jawo ƙaramar tsutsa daga gurbinta, an tattauna ta, an raba wa manyan tsutsotsi. Bakin da ya ciyar da ita jiya shi ya cinye ta yau, kuma an bi tsarin rabon da aka saba, Mai-shuɗi ce ta fara karɓa.

A gurabe uku da aka rufe, maimakon rina sai na tarar da ƙananan kwasfa masu ruwan ƙasa na wani ƙuda. Akwai ƙudan da ake kira Anacamptomyia wanda tsutsarsa ke cin 'ya'yan Belonogaster daga ciki, Roubaud ma ya yi rubutu a kansa. Na ajiye kwasfan a kwalba.

27 ga Oktoba, 2024

Mai-rawaya ba ta dawo ba tun ranar 20. Ta yi kusan wata huɗu tana ɗauke da fentina, ban taɓa ganin ta saka ƙwai ba. Gidan yanzu gurbi 61 ne, fiye da rabi babu komai a ciki, manya goma sha ɗaya, huɗu daga cikinsu maza. Wasu 'yan mata biyu da suka fito a ƙarshen Satumba ba sa farauta, ba sa ba kowa, karɓa kawai suke yi, kuma jiya na ga ɗayarsu tana shawagi a ƙarƙashin rumfar awaki tana dudduba itatuwa.

Inna ta tuna mini cewa kaka ta yi, gero ya shiga rumbu. Na ce, "Inna, a ƙara mini zuwa sanyi, gidan da kansa zai mutu." Ta ce ta ji, amma in sabo ya tsiro a rumfar awaki, inda jikokinta ke wasa, ba za ta jira shawarata ba. Saboda haka gobe da asuba zan yi wa 'yan matan biyu alama da kore, in kafa wani tsohon katako a can bayan rumbu inda yara ba sa zuwa, ko za su karɓe shi. Ina son ganin ko tare za su kafa gida, da kuma wadda za ta fara miƙa wa 'yar'uwarta baki. Na sayi sabon littafin ƙirga, na ja masa layi uku: mai bayarwa, mai karɓa, da abin da aka bayar.